Bappa Hamajoɗa da Ginshiƙan Silima Lewru

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayun 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Bappa Hamajoɗa, magini, a gidan 'yarsa Zulaihatu da ke Yolde Kohi. Ya rasu yana da shekara tamanin da huɗu ko da biyar, domin shi kansa bai taɓa tsayawa a kan ɗaya ba. Ina cikin aji ina rubutu a allo wayata ta yi ƙara. Zulaihatu ce. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Adda Keturah, Baaba ya tafi." Kafin in sallami yara in sami Keke daga Bekaji, har an kai shi makwanci, kamar yadda addininsa ya tanada.

Ni Kirista ce 'yar Numan, malamar firamare. Shi Bafulatani ne Musulmi, ɗan Girei. Babu jini tsakaninmu. Amma na yi wata goma sha ɗaya a ƙarƙashin rufin da ya gina da hannunsa, a lokacin da ba ni da wani rufi a duniya, don haka nake ganin ina da bakin magana.

An saba idan za a rubuta ta'aziyya a sanyaya harshe. Na gwada, Bappa. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa, domin abin da ke raina ba kuka ba ne kaɗai, har da ƙyama. Ina ƙyamar abin da aka yi maka, da waɗanda suka yi shi, da hannuna da ke ciki. Zan faɗi yadda aka yi tun daga farko, wanda ya ji haushi ya ji.

Na fara ganinka a farkon Nuwamban 2014. A lokacin ina koyarwa a Mubi, mijina ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garin, tukunyata na kan wuta. Kwana huɗu muka yi a ƙafa ta cikin daji, sannan wata motar ɗaukar shanu ta sauke mu a Jimeta. Gidan ɗan uwan mijina na fara zuwa, na tarar da mutum sama da arba'in a ɗaki uku, har a kicin ana kwana. Matarsa ta ba mu ruwa, ta kasa haɗa ido da ni. Wata mai tuyar ƙosai a bakin titi ce ta ce mini, "Ki je tsohuwar silima, wani tsoho ya buɗe ƙofa."

Sunan silimar na sani tun ina yarinya: Lewru, wato wata da Fulatanci. A gidanmu matattarar 'yan iska ake ɗaukar ta, ban taɓa zaton ƙafata za ta taka wurin ba. Tun daga nesa ake gane ta. Bangon gaba na baƙin dutse ne, an jera shi kamar ƙwayar masara a jikin totuwa, tsayinsa ya kai na mutum huɗu. A can ƙololuwa akwai jinjirin wata na kankare, da ramukan ƙwayayen lantarki waɗanda suka daɗe da mutuwa. A ƙarƙashinsa babbar ƙofa ce mai baka, hagu da dama kuma 'yan tagogin sayar da tikiti, iya shigar hannu. Kana tsugune a bakin ƙofar kana ɗaure tiyo a kan famfo. Ka ɗago ka dubi ƙafafun yarana da suka kumbura, ba ka tambayi sunana ba, ba ka tambayi addinina ba. Da Hausarka ta Yola, wadda ba ta raba mace da namiji, ka ce, "Malama, ka shigo da yara. Ka kula, akwai matakala uku."

Har yau ban san yadda ka gane ni malama ce ba.

Kafin makon ya ƙare mun haura mutum ɗari biyu: Margi, Higgi, Fali, Kilba, Fulani. Kai ka raba mana wuri. Mata da yara a ƙarƙashin bene, inda ya fi sanyi. Maza a sama. Tsofaffin da ba sa iya hawa suka sami layin baya, kusa da ƙofa. Musulmi suna salla a gindin bangon gabas, mu kuma ranar Lahadi mu taru a filin gaba. Kana da shekara saba'in da wani abu, amma kai ka fara sara ƙasa da diga ranar da aka haƙa mana masai, sai da kunya ta sa samari suka ƙwace digar daga hannunka. Wata 'yar Michika mai suna Zipporah ta haihu a ɗakin tikiti na hagu, ta 'yar tagar nan muka riƙa miƙa ruwan zafi. Ka yi dariya ka ce shekara hamsin tagar tana karɓa, ranar nan ta fara bayarwa.

Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, kakan zauna a matakalar bene ka ba duk mai son ji labarin ginin. Ni na so ji.

Ka ce a 1963 wani attajiri, Alhaji Bobboyi, mai fataucin fata da gyaɗa, ya ga silima a wani gari ya rantse sai ya yi wa Jimeta irinta. Ya sa wani mai zane daga bakin teku ya zana masa gini a takarda: akwati rufaffe, babu taga ko ɗaya. Kai a lokacin kana da shekara ashirin da uku, amma ka riga ka gina masallaci biyu da sito ɗaya. Da aka shimfiɗa takardar a gaban magina, kai kaɗai ka tanka. Ka ce, "Barkama, ranka ya daɗe, wannan takarda na mutanen teku ne. In muka rufe mutum dubu a cikin wannan abu a zafin Jimeta, gasassu za mu fitar." Alhaji ya yi dariya, ya naɗe takardar ya jefa a aljihu, ya ce to kai ka gina wadda ba za ta gasa mutane ba. Tun daga ranar babu sauran takarda. Duk zanen Silima Lewru a kanka ya zauna.

Ka raba ta kashi uku. Gaba fili ne, sama a buɗe, da benci na kankare jere-jere. Tsakiya inuwar bene ce. Bene kuma yana da kujerun katako da rufin kwano mai tsayi, a bayansa ɗakin majigi da 'yan ramukansa uku inda haske ke fita. Bangon arewa, wanda ke fuskantar Binuwai, ba ka toshe shi ba. Ka buga bulo mai huji da kanka, kowane huji siffar jinjirin wata, iskar kogi ta shiga ta nan, ta share zafin jikin mutane, ta fita ta buɗaɗɗen sama. Na shaida wannan da fatata. A watan Afrilu, lokacin da garin ke tafasa, mutanen unguwa sukan shigo wurinmu, mu 'yan gudun hijira, su roƙi inuwa.

Daɓen ƙasa ka karkata shi zuwa gaba, don na baya ya ga gaba, kuma don ruwan sama ya gangara ya bi magudana ta ƙarƙashin farin bango ya fice. Shekara sittin ruwa bai taɓa kwana a ciki ba. Ƙofofin fita huɗu ne, manya, duk waje suke buɗewa, domin ka taɓa ganin yadda mutane suka tattake juna a wata gobara. Siminti a jirgin ruwa ya zo, lokacin cikar kogi. Wanda ya kuskure jirgin bana sai baɗi. Dutse kuwa daga Bagale aka fasa shi, aka riƙa ƙetaro da shi a kwale-kwale, don a lokacin babu gada. Kwale-kwale ɗaya ya nutse da kayansa, ka ce har yau duwatsunka suna ƙasan Binuwai suna jiran ka.

Abin da ka fi alfahari da shi biyu ne. Na farko farin bangon da ake haska hoto a kai. Ka lanƙwasa shi kaɗan kamar ɓarin ƙwarya, don murya ta dawo wa masu kallo, kuma sau uku aka tankaɗe yashin yaɓensa. Na biyu ginshiƙan bene. Ba ka so a cika wurin da ginshiƙai suna tare wa mutane ido, sai ka manna sirara huɗu a jikin bango, ka kafa manya biyu a tsakiya, ka ɗora musu duk nauyin.

An buɗe ta a ƙarshen 1964. Fim ɗin Indiya, da na kaboyi, daga baya na 'yan Cana. Alhaji Bobboyi ya ba ka ɗan ɗaki kusa da ɗakin majigi, ya ce wanda ya haifi abu shi ya san kukansa. Kana fita gine-ginenka a gari, ka dawo ka duba ta. Alhaji ya rasu, bidiyo ya shiga gidaje, mutane suka janye, a 1997 aka kashe injin majigi ba a sake kunna shi ba. Bayan nan an yi dambe a ciki, an yi taron siyasa, wata ikilisiya ta yi haya shekara biyu, an jibge takin zamani. Daga ƙarshe magada suka manta da ita, ya rage kai kaɗai. Duk da haka, kowace shekara idan damina ta ɗauke, sai ka jiƙa farar ƙasa, ka hau tsani, ka shafe farin bangon nan da ba a haska komai a kai.

Wannan bango shi ne abu ɗaya da ka hana mu taɓawa. Wata rana na ga yara suna ta yawo babu karatu, na tara su, na ɗauki gawayi na rubuta baƙaƙe a gindinsa. Ka fito ka gani. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba. Ka ɗebo ruwa da tsumma ka wanke, yara suna kallo, ni kuma na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari da safe muka tashi muka tarar ka yi sabon yaɓe mai santsi a bangon kudu, faɗin tabarma biyu, ka shafe shi da baƙi. Ka miƙo mini ƙunshin alli ka ce, "Ga naka, Malama. Ka bar mini nawa." A wannan allo yara sittin da wani abu suka yi karatu har muka bar wurin.

Sai daga baya muka san cewa ba ka nemi izinin kowa ba kafin ka buɗe mana ƙofa. A tsakiyar 2015, bayan da bam ya tashi a garin, aka fara yi mana kallon zargi. A makon ne na fara ganin Zubair, jikan Alhaji Bobboyi, wanda ke zaune a Abuja, shi ne kuma bakin magada. Ya zo da kwaɗo a hannu da wasu ƙarti biyu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici, a gaban mata da yara, ya ce, "Bappa, wa ya ce ka mayar mana da gida sansani? Ka san su waye a ciki? Gobe in wani abu ya tashi a nan, sunan wa za a kira?"

Ka ce, "Kakanka ya gina shi don mutane su shiga su zauna. Sun shiga, sun zauna. Tikiti ne kawai ba su saya ba." Sannan ka jawo benci ka zauna a tsakiyar ƙofa ka ce in zai kulle ya kulle da kai a ciki. Maƙwabta suka taru, limamin unguwa ya zo, Zubair ya koma motarsa. Ba a kore mu ba. Mun bar wurin da ƙafarmu a ƙarshen damina, da hanyoyi suka buɗe. Yawanci suka koma garuruwansu. Ni na kasa komawa Mubi, na nemi canji zuwa Jimeta, na kama ɗaki a Bekaji. Kusan kowace Asabar nakan kai maka miyar kifi, ka ci kana cewa yaji ya yi yawa, kana ƙarawa.

Yanzu na zo inda alƙalamina ke nauyi.

A watan Oktoban bara Zubair ya zo makarantarmu. Ya yi ƙiba, murya ta yi laushi, yana kira na Anti. Ya ce ya yi nadamar abin da ya faru a baya, ƙuruciya ce da tsoro. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotuna: ga Silima Lewru an gyara ta, jinjirin wata yana walƙiya, ga ɗakin karatu na yara, ga zauren taro na matasa, ga wani allon ƙarfe a bakin ƙofa da sunan Hamajoɗa a kai. Ya ce matsalar ɗaya ce, babu zanen ginin, injiniyoyi kuma ba za su sa hannu ba sai sun san abin da ke riƙe da me. Ya ce, "Ya ƙi ko kallonmu, Anti. Ke kaɗai yake ji."

Na yarda. Ni da na tsaya a bayanka ranar hankici, na yarda, don hotunan sun yi mini kyau, kuma don ya kira ni Anti.

Asabar ɗin na je na zazzage maka labari. Ka saurara har na gama, ka ce, "Malama, wanda ya toshe hanci a ƙofarka ba ya dawowa don ya share maka gida." Na ce mutane suna canzawa, shekara tara ba kwana tara ba ce. Sai na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ta a kunnena ba. Na ce, "Bappa, ka tsufa. In ka tafi da ginin nan a kanka, wa zai san yadda za a gyara shi?" Na ga maganar ta shige ka. Ka daɗe kana duban hannuwanka, sannan ka ce su zo.

Ranar da suka zo ka sa farar rigarka ta Juma'a. Mutum uku ne masu hular kwano, da Zubair, da ni. Awa uku kana zagayawa da su. Ka nuna musu inda rodi ya bi, inda tushe ya fi zurfi, inda bango ya yi ciki biyu, inda ka haɗa bene da bangon baya. Muryarka ta dawo ta saurayi. Da kuka zo wurin manyan ginshiƙan nan biyu, ka ɗora tafin hannunka a kan ɗaya kamar mai shafa wuyan sa, ka ce, "Waɗannan su ne uwa da uba. Bene, da rufi, da ɗakin majigi, duk a kansu suke. In aka taɓa su, komai zai durƙusa ciki lokaci ɗaya, ko dutse ɗaya ba zai faɗa waje ba. Da gangan na yi shi haka, saboda maƙwabta. To ku kula da su." Babban cikinsu ya dubi Zubair ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ba wahala." Ya ɗauko buroshi ya yi jan gicciye a jikin kowane ginshiƙi. Kai ka riƙe masa gwangwanin fentin. Ni kuma na ɗauke ku hoto.

Suka ce ka koma wurin 'yarka wata biyu kafin a gama gyara, saboda ƙura. Ni na naɗe maka tabarma, na ɗaure akwatinka da butarka da cokalin gininka a bayan Keke. Kai da hannunka ka miƙa wa Zubair mabuɗai, har kana gaya masa wanda ke cijewa sai an ɗaga ƙofa.

Kwana tara bayan nan, da safe, wata maƙwabciyar silimar ta kira ni tana ihu. Na bar aji na je. Na tarar da katafila a filin gaba, an fasa mata hanya ta bangon kudu, ta kan baƙin allona. An ɗaura sarƙa a ginshiƙan nan biyu, daidai kan jan gicciyen. A wurin na ji gaskiyar magana daga bakin leburori. An sayar da filin tun bara waccan. Shekara guda mai rusau yana ƙin aikin, domin gidaje sun kewaye ginin ta gefe uku, yana tsoron bene ya faɗa kan mutane ya shiga uku. Abin da suka rasa kawai shi ne wanda zai nuna musu inda za su ja.

Aka ja. Ya durƙusa ciki lokaci ɗaya, kamar yadda ka faɗa. Ko gilashin maƙwabta bai tsage ba. Da ƙura ta lafa, mutumin nan mai buroshi ya cire hular kwanonsa ya share gumi, ya ce wa na kusa da shi, "Kai, tsohon nan ya iya aiki." Na juya na yi amai a bakin kwata.

Mako uku na kasa zuwa wurinka. Da na je, na same ka zaune a gindin dalbejiya a tsakar gidan Zulaihatu, ka rame. Labari ya riga ya same ka tun ranar. Na gaishe ka, ka amsa. Sai ka ce, "Ciki ya faɗi ko waje?"

Na ce, "Ciki, Bappa."

"Ba wanda ya ji ciwo?"

"Babu."

Ka ce, "Alhamdu lillahi." Na durƙusa na kama ƙafarka ina neman gafara. Ka janye ƙafar ka ce, "Malama, ka tashi. Kai ka kawo magana, ni na buɗe baki. Wanda ya yi ƙarya shi ya san inda zai ajiye shi." Daga nan ba ka sake ambatar silimar ba, ko sau ɗaya, ba ka kuma sake taka Jimeta ba. Miyar kifin da nake kawowa sai ka taɓa ka ture.

Ban ce su suka kashe ka ba. Rai na Allah ne, likita kuma ya ce tsufa ne da zuciya. Abin da na sani shi ne, mutumin da ya hau tsani da bokitin farar ƙasa a watan Oktoba, a watan Janairu sai an riƙe shi zai kai bakin ƙofa.

Da a ce sun gina wani abu a wurin, ko mummuna ne, da na ce to haka duniya take, gari yana cin tsohonsa ya yi sabo. Amma mai karatu ya je ya gani da idonsa. An ce gidan mai za a yi. Aka haƙa manyan ramuka biyu, sai magada suka kai juna kotu a kan rabo, aiki ya tsaya. Ruwan farko na bana ya cika ramukan, ya yi kore. Unguwa ta mayar da filin juji. Inda farin bango yake, can masu wucewa ke tsugunawa, ba ka iya tsayawa minti ɗaya saboda wari da ƙudaje. Duwatsun Bagale da aka ƙetaro da su a kwale-kwale, tifa-tifa aka kwashe su, an ce mini yawanci ramin masai aka cika da su a sababbin unguwanni. Wurin da ruwa bai kwana ba shekara sittin, yau sauro ke haihuwa a ciki, iyayen yaran unguwar kuma suna fargabar ranar da wani zai zame ya faɗa.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani ranar sadakar uku.

Muna zaune a cikin gida tare da mata, maza suna ƙofar gida a kan tabarmi, sai ga mota. Zubair ne, da buhun shinkafa biyu, da wani mutum yana binsa da waya a ɗage yana ɗaukar hoto. Bayan an shafa fatiha bai zauna ba. Ya gyara tsayuwa ya fuskanci wayar, ya ce Bappa uba ne a gare su, ya ce tarihin Jimeta ne ya kwanta, ya ce iyalan Alhaji Bobboyi sun riƙe ka hannu biyu har ƙarshen rayuwarka, kuma in Allah ya yarda za a sa sunanka a sabon wurin. Har da share ido. Dattawa suka sunkuyar da kai.

Zulaihatu ta miƙe daga kusa da ni. Ta ja mayafinta, ta tsaya a bakin zaure, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hamma Zubair, mun karɓi gaisuwa. Baaba ya bar saƙo, ya ce in ka zo a gaya maka ya yafe. To na gaya maka. Shinkafar kuwa ka mayar mota. Shi ne ya yafe, ni ban kai shi ba tukuna."

Direbansa ne ya mayar da buhunan. Da yamma 'yata ta nuna mini bidiyon a waya. An yanke shi daidai inda Zubair ke share ido. Zulaihatu ba ta ciki. A ƙasa mutane ɗaruruwa sun rubuta masa Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara mana irinku.

Shi ya sa na rubuta wannan, da sunana, don a sami wuri ɗaya da ba a yanke ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zulaihatu, wadda ta yi jinyar mahaifinta wata bakwai ba ta taɓa nuna mini yatsa ba, alhali tana da dalili. Ina yi wa mijinta da 'ya'yanta ta'aziyya, da dangin mamaci na Girei, da tsofaffin magina abokan aikinsa da suka rage. Ina yi wa duk waɗanda muka zauna tare a wancan gida ta'aziyya, na Mubi, da na Michika, da na Madagali, da na Hong. Duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ya yi masa addu'a da harshensa da addininsa. Ga masu zuwa gaisuwa da mai ɗaukar hoto kuwa, ba ni da ta'aziyya. Ta'aziyya ta wanda ya yi rashi ce.

Allah ya jiƙan ka, Bappa Hamajoɗa. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sanyaya shi, ya karɓe ka cikin bayinsa nagari. Allah ya ba iyalanka haƙuri, ya albarkaci bayanka. Ka yafe wa wanda ya yaudare ka, ka yafe wa wadda ta kai shi ƙofarka. Ni har yau ban iya yafe wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah ya ba ni irin zuciyarka kafin tawa ranar ta zo. Amin.

Keturah Philemon
Bekaji, Jimeta